Salama, bege da jimiri: Yadda wata tsohuwar majami'ar Washington ta fahimci haƙuri

A kan titin M da ke tsakiyar birnin Washington, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga fadar White House, akwai wata majami'a ta jan bulo wadda dogayen gine-ginen ofisoshi suka sa a tsakiya. Sunanta Metropolitan AME. An kammala gininta a 1886, amma ikkilisiyar da ke sujada a ciki ta faro ne tun 1838, zamanin da ake cinikin bayi a cikin birnin ido na ganin ido.

A daren Asabar 12 ga Disamban 2020, bayan wani gangamin masu ƙin amincewa da kayen da Donald Trump ya sha a zaɓe, wasu 'yan ƙungiyar Proud Boys mai tsattsauran ra'ayi suka haura shingen majami'ar, suka ciro allon Black Lives Matter, taken masu fafutukar kare rayukan baƙaƙen fata, suka tattake shi. A daren dai an ƙone irin wannan ƙyalle na majami'ar Asbury da ke kusa, wadda ita ma ta baƙaƙen fata ce tun 1836. Shugabar Asbury, Rabaran Ianther Mills, ta ce abin ya tuna mata da gicciyen da masu wariyar launin fata kan cinna wa wuta a da domin firgita baƙaƙe.

Lokacin da abin ya faru ya ƙara masa nauyi. Makonni huɗu ne na shirin Kirsimeti, waɗanda a cikinsu majami'u da dama ke kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi, na bege, na salama, na farin ciki da na ƙauna. Ga annobar korona ta tilasta wa akasarin masu ibada yin sujada ta intanet. Tambayar da ta tunkari ikkilisiyar tsohuwa ce a addinin Kirista: me ake nufi da haƙuri idan an ci zarafinka a ƙofar ɗakin ibadarka?

Kalmomi uku

Kiristocin ƙasar Hausa, waɗanda suka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da harshensu tun 1932, suna da kalmomi uku da ba sa rabuwa da wa'azin lokacin wahala: salama, bege da jimiri.

Ta tsakiyar ce kan rikita wanda bai saba da harshen majami'a ba. A Hausar yau da kullum, bege shi ne kewar wanda zuciya ke so, kamar yadda sha'irai ke begen Annabi. A bakin Kirista kuwa, bege shi ne sa zuciya ga alkawarin Allah da ba a kai ga ganin cikarsa ba. Ma'anonin biyu ba su yi nisa da juna ba, domin a kowannensu zuciya tana rataye ne da abin da ido bai gani ba.

A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya jera abubuwan ne daki-daki, ya sa wahala a farko, jimiri a tsakiya, bege kuma a ƙarshe. Wato a wurinsa bege abu ne da ake ƙerawa a cikin tsanani, ba wanda ake shiga tsananin da shi a aljihu ba.

Misalin da masu wa'azi suka fi kawowa shi ne na Annabi Irmiya. Sojojin Babila sun yi wa Urushalima ƙawanya, shi kansa yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, kuma shi ne ya daɗe yana shelar cewa birnin zai faɗi. A cikin wannan hali ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel da ke Anatot a kan shekel 17 na azurfa, ya kira shaidu, ya sa aka adana takardar cinikin a cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. A lissafin kasuwa wannan asara ce tsantsa. A lissafin bangaskiya kuwa, shaida ce cewa wata rana za a sake noma a ƙasar.

Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sau da yawa mukan yi amfani da karin maganar ne wajen rufe bakin wanda aka zalunta. Amma in aka duba da kyau, mai dafa dutse ba ya naɗe hannu. Sai ya nemo itace, ya iza wuta, ya ƙara ruwa. Da irin wannan haƙurin aka gina majami'ar da ke titin M.

Sun bari aka idar da addu'a, sannan suka fita

Ɗarikar AME, wato Methodist ta 'yan asalin Afirka, daga wani wulaƙanci ta samo asali. A ƙarshen ƙarni na 18, a majami'ar St. George ta birnin Philadelphia, wasu jami'ai fararen fata suka nemi tayar da Absalom Jones daga durƙuson addu'a saboda ya zauna a inda ba a ware wa baƙaƙe ba. Ya roƙi a bari a idar da addu'ar. Da aka shafa, shi da Richard Allen da sauran baƙaƙen suka tashi gaba ɗaya suka fice. Ba su ɗaga hannu a kan kowa ba, ba su kuma koma ba. A 1816 Allen ya zama bishop na farko na sabuwar ɗarikar.

Reshenta na Washington ya tashi ne a birnin da ake tsare bayi a kurkukun 'yan kasuwa kusa da ginin majalisar dokoki. A ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje aka ɗaure Solomon Northup, ɗan New York mai 'yanci, a 1841, kafin a sayar da shi zuwa kudu inda ya yi shekara 12 a bauta. Sai a ranar 16 ga Afrilun 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta 'yanta bayin birnin, kimanin mutum 3,100. Diyyar da gwamnati ta biya, har dala 300 a kan kowane mutum, ga iyayengiji ta tafi.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, mutanen da wasunsu an haife su cikin bauta suka tayar da katafaren gini a tsakiyar babban birnin ƙasar, da gudunmawar rassan ɗarikar daga sassan Amurka, waɗanda aka rubuta sunayensu a jikin gilasan tagogin. Wannan ita ce tasu gonar Anatot.

A mumbarin majami'ar ne Frederick Douglass, tsohon bawan da ya zama babban mai yaƙi da bauta, ya yi ɗaya daga cikin manyan jawabansa na ƙarshe a Janairun 1894, a kan kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe a jihohin kudu. Dattijon bai yi wa masu sauraro daɗin baki ba. Ya amsa cewa abubuwan da yake gani sun girgiza amincewarsa da ƙasar, kuma kwanakin da ke tafe suna da duhu. Duk da haka ya tsaya ya yi magana. A Fabrairun 1895 aka yi jana'izarsa a wannan ɗaki. A nan kuma aka yi addu'ar ban kwana da Rosa Parks a Oktoban 2005.

Lahadin ƙarshe ta Martin Luther King

A arewa maso yammacin birnin, a kan tudu, akwai babbar majami'ar ƙasa ta Washington, wadda aka aza harsashinta a 1907 aka kammala a 1990. A can Martin Luther King ya yi wa'azinsa na Lahadi na ƙarshe, ranar 31 ga Maris ɗin 1968. Wanda ke son sanin yadda al'adar majami'un baƙaƙe ta raba haƙuri da zaman jira, wannan wa'azi ya ishe shi.

King ya fara ne da wata tatsuniyar Amurkawa ta Rip Van Winkle, mutumin da ya yi barcin shekara 20 a kan dutse. Ya kwanta ƙasar tana ƙarƙashin sarkin Ingila, ya farka ya tarar da hoton George Washington. Juyin juya hali guda ya wuce yana minshari. Daga nan King ya juya kan masu cewa a yi haƙuri, lokaci zai warware matsalar wariya. Ya ce lokaci ba ya goyon bayan kowa, ana iya yin gini da shi ana iya yin rusau, kuma masu mugun nufi sun fi mutanen kirki iya amfani da shi. Ya kawo misalin da Yesu ya bayar na attajiri da miskini Li'azaru, ya ce ba dukiya ce ta hallaka attajirin ba, illa dai ya riƙa wuce miskinin a ƙofarsa kullum ba tare da ya gan shi ba. Ya soki talauci, ya soki yaƙin Vietnam.

Kwana huɗu bayan haka aka harbe shi a Memphis.

Washington ta kama da wuta. Mutum 13 suka mutu, aka jibge sojoji sama da 13,000, kuma unguwannin baƙaƙe da ke titi na 14 da na 7 da titin H sun yi gomman shekaru kafin su farfaɗo. Zangon talakawan da King ya shirya kafawa a dandalin ƙasa, wanda aka sa wa suna Birnin Tashin Matattu, ya tsaya makonni shida cikin ruwan sama da taɓo kafin 'yan sanda su watse shi a watan Yuni. Masu cewa hanyar lumana ta gaza sun samu hujja a wannan shekarar, kuma har yau ba su rasa masu saurarensu ba. Mutum-mutumin tunawa da King da aka buɗe a birnin a 2011 bai ɓoye wannan ba: an sassaƙa shi ne yana fitowa daga wani dutse da ake kira na bege, wanda aka tsago daga tsaunin fid da rai da ke bayansa.

Gafara da shari'a

Wurin da muhawara ta fi zafi shi ne batun gafara. A ranar 17 ga Yunin 2015, wani matashi farar fata, Dylann Roof, ya shiga majami'ar Emanuel AME ta birnin Charleston a jihar Carolina ta Kudu, ya zauna tare da masu nazarin Littafi Mai Tsarki, sannan ya harbe mutum tara har lahira. Bayan kwana biyu, a gaban kotu, wasu daga cikin iyalan mamatan suka ce sun yafe masa. Duniya ta jinjina musu. Amma a cikin baƙaƙen Amurka an samu masu tambaya: me ya sa kullum su ake jira su yafe tun hawaye bai bushe ba? Wasu dangin mamatan ma sun fito sun ce su ba su kai ga yafewa ba tukuna.

Amsar da malaman tauhidi na majami'un baƙaƙe suka saba bayarwa ita ce gafara da hukunci ba kishiyoyi ba ne. Gafara tana raba zuciyar wanda aka cuta da ƙiyayya, shari'a kuma tana kare maƙwabcin da zai iya zama na gaba. Yafiyar iyalan ba ta tsayar da shari'ar Roof ba, an yanke masa hukuncin kisa a 2017. A wannan fahimta, salama ba shirun da ke biyo bayan tsoro ba ce, zama ne da kowa ya samu haƙƙinsa.

Mai karatu daga arewacin Najeriya ba baƙo ba ne a wannan muhawara. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, wadda ta faro a Garkida a 1923, ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Nauyin jarrabawar ba ɗaya ba ne da na Washington, nesa ba kusa ba, amma tambayar iri ɗaya ce: yaya mutum zai ƙi ramuwa ba tare da ya yi shiru a kan zalunci ba?

Majami'ar Metropolitan, ƙarƙashin Rabaran William Lamar, kotu ta nufa. A ranar 4 ga Janairun 2021 ta shigar da ƙarar Proud Boys da shugabansu Enrique Tarrio, kwana biyu kafin harin da aka kai ginin majalisar dokoki. Waɗanda ake ƙara ba su zo sun kare kansu ba. A tsakiyar 2023 Mai Shari'a Neal Kravitz ya bayyana abin da suka yi a matsayin aikin ƙiyayya da wariya a fili, ya umarce su su biya sama da dala miliyan ɗaya. Da aka haɗa da kuɗin lauyoyi, bashin da ke kan ƙungiyar ya kai dala miliyan 2.8.

Ba su biya ba. Tarrio, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara 22 saboda rawarsa a harin majalisa, ya fito daga kurkuku a Janairun 2025 bayan Shugaba Trump ya yi masa afuwa. Ga wanda ya zuba ido daga nesa, sai ya ce an yi ba a yi ba.

Makonni biyu bayan afuwar, a ranar 3 ga Fabrairun 2025, Mai Shari'a Tanya Jones Bosier ta yanke wani hukunci da ba a saba jin irinsa ba. Ta mallaka wa majami'ar ikon sunan Proud Boys da tambarinsu, ta yadda ba su da damar sayar da riga ko hula mai ɗauke da sunan sai da izininta, kuma tana iya bin kuɗin duk cinikin da aka yi da shi. Tarrio ya yi tir da hukuncin. Ba a jima ba majami'ar ta fara sayar da nata rigunan, masu launin baƙi da rawaya irin na ƙungiyar, ɗauke da saƙon alfahari da baƙar fata, ta ce kuɗin za su shiga asusun tallafa wa al'umma.