Yadda Situdiyon Waƙa Ya Koma Shagon Ƙofar Gida

A da, mai son ɗaukar waƙa a Kano sai ya nufi Titin Gidan Zoo ya biya kuɗin zama, ya bi layi. Yanzu a lungunan Yakasai ko Mandawari za ka tarar matashi ya mai da shagonsa na ƙofar gida situdiyo, da laftof, makirfo ɗaya da fiyano.

Abin ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1990, zamanin fim ɗin Sangaya, lokacin da fiyanon Yamaha ya zama makaɗin Kannywood, kalangu da sarewa duk suka dawo cikin akwati guda. Daga baya manhajoji irin su FL Studio da Cubase suka haɗiye aikin miksa. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara tsadar tayar da janareto, zaman situdiyo ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi.

Duk da haka, da yawa daga masu buɗe situdiyo a gida miksa mai layi 12 ko 16 suke fara saye, don ta fi cika ido. Wannan kayan majalisi ne da Mauludi, inda sha'irai da 'yan amshi ke rera baiti lokaci guda. Mai ɗauka shi kaɗai, murya bayan murya, ƙaramin akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu, irin na Focusrite ko Behringer, ya wadatar da shi.

Wajen jita ake gane wanda ya iya. In aka cusa wayarta a ƙofar da aka yi wa fiyano, sautin kan fito a dushe, saboda jita tana da ƙofarta, wadda ake danna wa maɓallin INST. Sai kuma gurnanin nan da ke bin waya. Tsofaffin gidajen cikin gari da dama ba su da wayar da ke sauke wuta ƙasa, ga janareton maƙwabci, ga caja mai arha. Zare cajar laftof a ɗauka da batir yakan rage gurnanin sosai. Katangar ƙasa mai kauri kuwa, wadda ake rainawa, ta fi ta bulo tare hayaniyar lungu.

An samu riba: mai bege da mawaƙin soyayya suna fitar da aiki ba tare da jiran ubangida ba. Hasarar ita ce kusan komai da sauti ɗaya yake fitowa, mai gurmi da mai garaya ba a cika kiransu ba. Ko Mdou Moctar, gwanin jita daga Nijar, da ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, salon na'urar waƙoƙin fim ɗin Hausa ne ya mamaye aikin.

Mai ɗan jari ya fara da makirfo mai kyau da sola. Miksa ta jira ranar da zai tara makaɗa huɗu a ɗaki ɗaya.