Hoton kaya a waya: Haske shi ne rabin ciniki

Duk wanda ya taɓa shiga Abijan fatauci ya san sunan Black Market ta Ajame, kasuwar da ta daɗe da yin fice wajen wayoyin hannu, sababbi da na hannu, kamar yadda ya san rumfunan atamfa na Treichville. A da sai mun niƙi gari mun je mun gani da ido. Yanzu kuwa muna zaune a Jibiya ko Illela ko Maraɗi ake turo mana hoto ta WhatsApp, mu tura kuɗi, mu ma mu tura wa abokan cinikinmu.

To, a nan gizo ke saƙa. Atamfar Uniwax, wadda ake bugawa a Abijan, sai ta fito ja wur a hoto, a buɗe dila a tarar ruwan goro ce. Wayar da ta sha ƙarzuwa kuma ta fito sumul. Daga nan sai rigima da mayar da kaya, alhali sau da yawa ba ha'inci ba ne, haske ne bai daidaita ba.

Dalili shi ne, kyamarar waya kan ja kowane hoto zuwa tsaka-tsakin haske. Shi ya sa farar shadda ke fitowa toka-toka, baƙin yadi kuma kamar ya koɗe. Maganin wannan, a dangwala yatsa a kan kayan a fuskar waya. A yawancin wayoyi alamar rana za ta bayyana, sai a ƙara wa fari haske kaɗan, a rage wa baƙi. Amma kada a zarce, domin wurin da haske ya wanke fes ba ya dawowa da gyara.

Bugu da ƙari, ƙwan lantarkin shago yana sauya launi, filasha kuma tana ɓoye ƙarzuwa da ƙyalli. A fito da kaya bakin ƙofa, cikin inuwa, da hantsi, hasken yana bayan mai ɗauka. A goge idon kyamara, a kuma ajiye farar takarda kusa da kayan: in ta fito fara, launi ya kusa gaskiya.

Sannan mu lura da fuskar wayarmu. In mun ƙure haskenta, hoto mai duhu sai ya yi mana kyau, a wayar mai saye kuwa ya fito dishi-dishi. WhatsApp ma yana matse hoto, amma tun 2023 ya kawo alamar HD, sai a danna ta kafin turawa.

Jama'a, hoton da muka tura maganarmu ce, kuma ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya wuce amana. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.