Telan Mashi Da Littattafai Uku

Wannan labari ne na wani tela mazaunin Mashi, garin nan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, da abin da ya gudana tsakaninsa da waɗansu littattafan hikaya guda uku. An kawo shi ne domin magidanta, musamman masu 'ya'ya mata a gida, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Shi dai wannan tela shekarunsa sun kai 45. Ya yi karatun allo har ya sauke, ya taɓa Ahalari da Ishmawi, boko kuwa a ajin yaƙi da jahilci ya koye shi, iyakar amfaninsa da shi rubuta awon riguna da sunayen waɗanda ya ke bi bashi. Bai taɓa karanta littafin labari daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin da ya sani game da littattafan soyayya shi ne abin da ya ji a bakin mutane, watau su ne ke lalata 'yan mata. Ya kan tuna sa'ad da aka ba da labari a rediyo, cikin shekarar 2007, cewa Gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya ƙone tarin irinsu a bainar jama'a, ya kan kuma ce da ma an yi haka a kowane gari.

To, a daminar da ta wuce babur ya kayar da shi yana komowa daga Daura, ƙafarsa ta dama ta karye. Mai ɗori ya ɗaure ta, ya ce kada ya taka ƙasa sai bayan kwana 40. Tela kuwa da ƙafa ya ke cin abinci, saboda haka keke ya tsaya, aka shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, ba shi da aiki sai ƙirga azara.

Ran nan ya aiki ƙaramin ɗansa ya ɗauko masa wata takarda a adakar uwargida, sai yaron ya komo da ƙunshin littattafai, bangonsu duk ya ƙoƙe. Da ya tambaya, uwargida ta ce nata ne tun tana amarya, yanzu kuma babbar 'yarsu, mai shekara 14, ita ke karanta su. Ran tela ya ɓaci, ya ce a kawo masa ashana. Uwargida ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ruwa a ke yi, murhun ma ya jiƙe. Bari gari ya waye." Sai ya cusa su ƙarƙashin matashinsa don kada wani ya taɓa. Da dare ya raba, zogin ƙafa ya hana shi barci, sai ya kunna tocila ya zaro ɗaya, wai don ya sami hujjar da zai kafa musu da safe. Gari ya waye bai nemi ashana ba, bai kuma rufe littafin ba.

Na farkon shi ne In Da So Da Ƙauna, na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano a shekarar 1991. Labarin Sumayya ne, 'yar masu arziki, wadda ta so wani saurayi matalauci mai suna Muhammad, amma aka nufi a ba ta wani mai kuɗi, har baƙin ciki ya sa ta faɗa rijiya. Tela ya ce wurin nan na rijiya ya ƙona masa rai ƙwarai, domin rai amana ce, ba a wasa da shi ko a cikin hira, kuma yana tsoron kada wata mai ƙaramin hankali ta ɗauka jarumtaka ce. Ya kuma gaji da doguwar hirar masoya, ya ce da tela zai riƙa maimaita ɗinki a wuri ɗaya haka, da riga ta tattare. Amma ya yarda da abu ɗaya, cewa mai littafin ya tsaya a kan hali ya fi dukiya wajen zaɓen miji, wannan kuwa ba baƙon zance ba ne, shi ne abin da malaman Malikiyya su ke karantarwa, cewa addini da lafiya daga aibu a ke dubawa ga mai neman aure, ba nauyin aljihu ba.

Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wanda ya fito a 1990, aka kuma juya shi zuwa Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. A nan ne dariya ta ƙare wa tela. Labarin wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Abdu, wanda ya ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yanta wajen ci da sutura, ya kwashe dukiya ya auro wata mai suna Delu, daga baya ya kori Rabi, ta koma sayar da abinci tana riƙon yara. Tela ya ce yana cikin karatu sai ya ji ɗigar ruwa a cikin kwano daga ɗakin uwargida, ya tuna damina biyu ke nan tana yi masa maganar yaɓe yana cewa babu hali, alhali kuwa akwai turamen atamfa shida da ya ɓoye a shago, yana tara lefen ƙarin aure. Ya ce bai taɓa jin wa'azin da ya shige shi kamar ɗigar ruwan nan ba.

Da ya kai ƙarshe, inda gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, amarya ta juya masa baya, dangi kuma suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta, sai ya ce madalla, zumunci ya gyaru. Uwargida tana tankaɗe a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ita Rabin an tambaye ta abin da ta ke so? Ai sai da ya rasa mai ba shi tuwo aka tuna da ita." Tela ya ce shekara 18 suna tare, bai taɓa sanin tana da irin wannan magana a ciki ba. Suka yini suna gardama a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba, amma kowannensu ya san da wa a ke.

Na uku shi ne Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na Hajiya Balaraba, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, sai daga baya ta nemi ilmi a ajin manya. Labarin wata yarinya ne mai suna Abu, da ubanta ya raba ta da makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya ƙi ta don ya ce jahila ce, aka ɗaura mata aure da wani dattijo, Sarkin Noma, ta sha wuya ta gudu, sa'an nan ta koma neman ilmi. Tela ya ga an naɗe kusurwar waɗansu shafuka, ya ga tabon ruwa a kansu, ya kuwa san ba na damina ba ne. Dalili, shi kansa ya riga ya amsa wa wani mai sayar da hatsi, mai mata uku, wanda ke binsa kuɗin babur, cewa bayan kaka zai ba shi yarinyar nan tasa. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaga ido ta ce masa uffan ba.

Ana cikin haka sai yaron shagonsa ya zo gaishe shi, ya ga littattafan, ya yi dariya ya ce, "Maigida, ai waɗannan na iyayenmu ne, yanzu a waya a ke karantawa." Ya buɗe masa wani labari da a ke turowa kashi kashi, sai an biya kuɗi a ga ci gaba. Tela ya karanta kaɗan ya mayar masa da wayarsa yana neman tsari, domin abin da ke ciki batsa ce tsirara, ba sunan maɗaba'a, mai rubutun ma da laƙabi ya ɓuya. Nan ya rikice, ya ce ashe masu ƙonawa suna da gaskiya, shi ma kuma abin da ya gani a cikin ukun nan gaskiya ne, to, ina mafita?

Sai ga wani dattijon malami na unguwarsu ya zo dubiya. Tela ya kwashe labari duka ya gaya masa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne?" Malamin ya yi murmushi ya ce ƙarya ita ce a gaya maka abu don ka ɗauka ya auku alhali bai auku ba, amma wanda ya buga misali, kowa ya san misali ne. Ya tuna masa da Muƙamatul Hariri, littafin nan na malamin Basra wanda ya rasu a shekarar 1122 ta Miladiyya, maƙama 50, dukansu a kan wani mayaudari mai suna Abu Zaidi wanda bai taɓa rayuwa ba, ga shi kuwa manyan malamai suna karantar da shi a zaure domin lugga, ba wanda ya ce a ƙone. Ya ce shi ma rubutun hikaya da boko ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina, gama a gasar da Dokta East ya shirya daga Zariya a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da aka zaɓa na malaman da ke koyarwa a Katsina ne, wa da ƙane: Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki, Malam Abubakar Imam kuma ya rubuta Ruwan Bagaja, har ma ya ɗebi waɗansu dabaru daga Hariri ɗin nan. Abin da ya sāke daga baya shi ne, tun daga tsakiyar shekarun 1980 samari da matan aure suka shiga rubutawa suna bugawa da kuɗinsu, ba mai tacewa, har Malam Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano. Kasuwa kuwa, in ji malamin, akwai zuma a cikinta, akwai guba, mai hankali ba ya rufe kasuwa, ɗanɗanawa ya ke yi kafin ya kai gida.

Game da yarinya kuwa, ya ce gaskiya ne Risala ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma an ba shi ne don maslaharta, ba don ya biya bashi da ita ba. Ya ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ga kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bar 'Yan Taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ya ce in mai hikaya ta tuna wa uba abin da Shehu ya faɗa tun da daɗewa, ai godiya ta cancanta, ba ashana ba.

Sa'an nan ya ba shi ma'auni guda. Ya ce kowane littafi ya shigo gida, a karanta shi da ƙarfi a tsakar gida bayan lisha, uba yana ji, uwa tana ji. Wanda aka iya karantawa har ƙarshe ba wanda ya sunkuyar da kai don kunya, a bar shi. Wanda harshe ya kasa furtawa gaban iyaye, ido ma ba shi da halin kallonsa a ɓoye, ko a takarda ya ke ko a waya.

Da tela ya fara takawa da sanda, aikin farko da ya yi shi ne ya aika wa mai hatsi da ban haƙuri. Abin bai zo da sauƙi ba. Mutumin ya yi fushi, ya janye ɗinkin gidansa duka, wanda shi ne babban cinikin shagon a kowace salla, ya kuma ce a biya shi kuɗinsa nan da mako biyu. Tela ya fito da turamen atamfar nan shida ya sayar da hasara, ya haɗa da ragon da ya ke kiwo, ya biya, ragowar ya sa magina suka yaɓe ɗakin uwargida. Waɗansu abokansa na majalisa har yanzu suna yi masa ba'a, wai littafin mata ya karya masa alkawari. Shi kuwa ya kan ce bai fasa ƙarin aure ba, ya dai jinkirta sai ran da zai iya riƙe ɗaki biyu ba ɗaya yana zuba. Yarinya tana nan tana zuwa makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, ita ce kuma mai karatun dare a tsakar gida. An riga an mayar wa masu su littattafai biyu da aka aro daga maƙwabta, domin ba su ƙetare shafi na goma ba a gaban uban.

Abin lura a nan, malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na saninsa. Uban da ya ƙone littafi bai buɗe ba, ya hukunta abin da bai sani ba, wanda kuma ya sake wa yara waya bai duba ba, ya yi sakaci da kiwon da aka ba shi. Sau da yawa abin da 'ya ta kasa gaya wa ubanta, da abin da mace ta haɗiye shekara da shekaru, yana nan a shafin da suka naɗe. Maigidan da ya ba da dare ɗaya ya karanta, zai san gidansa fiye da yadda ya sani jiya.

Allah Ya shirya zuriya, Ya ba magidanta ikon yin adalci, Ya sa a gama lafiya, amin. Wassalamu.