Ta kai ƙarar fyaɗe, aka kulle ta: tarkon da ke jiran mata a wasu kotunan ƙetare

A wata safiya ta watan Maris na 2013, wata matashiya ƴar ƙasar Norway mai suna Marte Deborah Dalelv ta nemi ma'aikatan otel ɗin da ta sauka a birnin Dubai su kira mata ƴan sanda. Shekarunta 24, tana aikin ƙawata cikin gidaje a wani kamfani da ke Qatar, taron aiki ne ya kai ta Dubai. Ta shaida wa ƴan sandan cewa wani abokin aikinta ya yi mata fyaɗe cikin dare. Aka yi mata gwaji, aka karɓe paspo ɗinta, sannan aka rufe ta na tsawon kwanaki.

A watan Yuli kotu ta yanke mata ɗaurin wata 16 a gidan kaso bisa laifuka uku: saduwa ba aure, shan barasa, da yi wa hukuma ƙarya. Laifin ƙaryar ya samo asali ne daga janye maganar fyaɗen da ta yi ana tsakiyar bincike, bayan da aka ba ta shawarar cewa hakan zai sa a rufe shari'ar, kamar yadda ta bayyana daga baya. Mutumin da ta zarga kuwa wata 13 aka yanke masa, kan saduwa ba aure da shan barasa. Wadda ta kai ƙara ta fi wanda ta kai ƙara samun hukunci mai tsawo.

Dalelv tana da gata. Gwamnatin ƙasarta ta tsaya mata, manyan kafofin yaɗa labaran duniya suka ɗauki maganar, kuma ranar 22 ga Yuli sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, ya yi mata afuwa. Mafi yawan matan da ke faɗawa wannan rami ba su da ko ɗaya daga cikin wannan. Ƴan aikatau ne daga Afirka da Asiya, kuma ƴan Nijar na cikin masu bin wannan hanya ta neman abin rufin asiri a ƙasashen Larabawa.

Yadda ƙara ke juyewa ta zama laifi

A ƙasar da doka ta ɗauki saduwa ba aure a matsayin laifin da hukuma ke hukuntawa, macen da ta ce an yi mata fyaɗe ta riga ta furta da bakinta cewa saduwa ta faru. Abin da ya rage shi ne a tabbatar da cewa tilasta mata aka yi. Namijin ba ya buƙatar wata doguwar kariya, ya isa ya ce da yardarta aka yi. Idan alƙali bai gamsu da hujjar tilasci ba, tuhumar fyaɗe ta faɗi, sai maganar da matar ta yi da farko ta koma ikirarin zina a kanta.

Bayan wannan akwai ƙananan laifukan da ake iya rataya mata: keɓewa da namijin da ba muharraminta ba, shan barasa, ko ƙazafi ga mutumin da ta kasa kafa wa hujja. Idan kuma ciki ya shiga, a wasu kotunan cikin kansa shaida ne.

Haka ta faru a Qatar a 2016 da wata ƴar ƙasar Holand mai shekara 22 da ta je hutu. Ta kai ƙara cewa an zuba mata wani abu a abin sha, ta farka a gidan da ba ta sani ba. Aka tsare ta kusan wata uku. A watan Yuni kotu ta same ta da laifin saduwa ba aure, ta yi mata ɗaurin je-ki-gyara-halinki na shekara guda da tarar riyal 3,000, aka kuma tasa ƙeyarta zuwa gida. Namijin an yanke masa bulala 140, 100 na zina, 40 na barasa. Ba a hukunta shi kan fyaɗe ba.

Bayan shekara biyar, Paola Schietekat, ƴar Mexico da ke aiki da kwamitin shirya gasar kofin duniya ta 2022, ta kai ƙarar wani mutum da ta ce ya kutsa ɗakinta da dare ya kai mata hari. Ta je da takardar likita. Mutumin ya ce budurwarsa ce, nan take bincike ya juyo kanta. Dokar Qatar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 kan wannan laifi, kuma da yake ita Musulma ce, ta fuskanci barazanar bulala 100. Ta samu ta fice daga ƙasar, sai a watan Afrilun 2022 aka rufe shari'ar.

A Saudiyya, shari'ar da aka fi sani da ta "yarinyar Qatif" ta fi nuna inda abin ke iya kaiwa. A 2006 maza bakwai suka yi mata fyaɗe bayan sun tarar da ita cikin mota tare da wani mutum da ta je karɓo hotonta a wurinsa. Kotu ta ɗaure mazan, amma ita ma ta yanke mata bulala 90 saboda keɓewa da namiji. Da aka ɗaukaka ƙara a 2007, aka ƙara wa mazan shekaru, ita kuma aka mayar da nata bulala 200 da ɗaurin wata 6, a kan cewa ta kai maganar ga ƴan jarida. Lauyanta, Abdulrahman al-Lahem, aka karɓe masa lasisin aiki. Sarki Abdullah ne ya yi mata afuwa a watan Disamban shekarar.

Talaka ta fi shan wuya

Inda babu jakada ko ɗan jarida kusa, labarin ya fi muni. A 2013 a Omdurman da ke Sudan, wasu samari bakwai suka yaudari wata matashiya ƴar Habasha mai juna biyu da ke neman gidan haya, suka yi mata fyaɗe, suka ɗauki bidiyo. Da bidiyon ya bazu a WhatsApp bayan watanni, aka kama su, ita ma aka kama ta. A watan Fabrairun 2014 kotu ta same ta da laifin aikata rashin ɗa'a, ta yi mata ɗaurin je-ki-gyara-halinki na wata guda da tarar fam 5,000 na Sudan.

A Pakistan, bayan dokokin haddi da Janar Zia-ul-Haq ya kafa a 1979, an yi shari'ar Safia Bibi, ƴar aikin gida da ba ta gani sosai. Ta ce maigidan da ɗansa ne suka yi mata fyaɗe har ta haihu. Aka sallami mazan don rashin shaida, ita kuma a 1983 aka yanke mata ɗaurin shekara 3 da bulala 15. Sai da mata suka fito zanga-zanga kafin babbar kotun shari'ar Musulunci ta ƙasar ta soke hukuncin.

A Kismayo da ke Somaliya, ranar 27 ga Oktoban 2008, mayaƙan al-Shabab suka jefe Aisha Ibrahim Duhulow har lahira a filin ƙwallo, gaban ɗaruruwan mutane. Mahaifinta ya shaida wa ƙungiyar Amnesty International cewa shekarunta 13, kuma ƙarar maza uku da suka yi mata fyaɗe ta kai.

Abin bai tsaya can nesa ba. A jihar Zamfara ta Najeriya, da ke iyaka da jihar Maradi, an samu Bariya Ibrahim Magazu da ciki a 2000 tana ƙasa da shekara 18. Ta ambaci maza uku da ta ce sun tilasta mata. Suka musa, aka sake su. Ita aka yanke mata bulala 100 na zina da 80 na ƙazafi. An janye 80 ɗin daga baya, amma a watan Janairun 2001 aka yi mata 100 ɗin. A Mauritaniya ma, rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2018 ya nuna yadda tsoron tuhumar zina ke hana mata da ƴan mata kai ƙarar fyaɗe.

Me fiƙihu ya ce?

Malaman mazhabobin nan huɗu sun haɗu a kan cewa babu haddi a kan macen da aka tilasta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin wata mata da wani ya afka wa a kan hanyarta ta zuwa salla a zamanin Manzon Allah (SAW), kuma ba a hukunta ta ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗage haddi daga wata mata da ƙishirwa ta kusa kashewa, makiyayi ya hana ta ruwa sai ta ba da kanta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tafi a kan cewa wanda ya yi fyaɗe zai sha haddi, ya kuma biya matar sadakin irinta. Wasu malaman Malikiyya, kamar alƙali Ibn al-Arabi na Andalus, sun saka fyaɗe da ƙarfin makami a babin hiraba, wato fashi, suna ganin ƙwace mutunci ya fi ƙwace dukiya muni.

Sharaɗin shaidu huɗu da ke cikin Suratun Nur ya zo ne don kare mata daga masu yi musu ƙazafi. A dokar Pakistan ta 1979 aka ɗora wannan sharaɗi a kan tabbatar da haddin fyaɗe, sai garkuwar ta koma kan wadda aka yi ta domin ta.

Inda malamai suka saɓa shi ne batun ciki. Hanafiyya da Shafi'iyya ba su ɗauki ciki kaɗai a matsayin hujjar zina ba. A Malikiyya, mazhabar da ake bi a Nijar, arewacin Najeriya da Mauritaniya, mashahurin ra'ayi shi ne cikin macen da ba ta da miji hujja ne, sai idan ta zo da alamar tilasci, kamar rauni a jiki ko kururuwar neman agaji a lokacin da abin ya faru. A nan yarinyar da kunya ko barazana ta rufe wa baki ke shiga uku: kafin cikin ya fito, raunin ya warke, kuma babu wanda ya ji kukanta.

An gyara, amma da saura

Matsin lambar mata, lauyoyi da malamai ya sa an taɓa wasu dokokin. Pakistan ta fitar da fyaɗe daga dokar zina a 2006, ta mayar da shi cikin kundin manyan laifuka, inda ake karɓar shaidar likita da sauran hujjoji. Sudan ta gyara sashe na 149 na dokarta a 2015, ta raba ma'anar fyaɗe da ta zina. Saudiyya ta daina yin bulala a hukunce-hukuncen ta'aziri a 2020. Hadaddiyar Daular Larabawa ta sassauta dokarta a ƙarshen 2020, sai dai kundin da ya fara aiki a watan Janairun 2022 ya bar ƙofa a buɗe: miji ko waliyyi na iya shigar da ƙara, kuma hukuncin ya fara daga wata 6.

Ga ƴar aikatau, gyaran takarda bai cika isowa ɗakin girki ba. A ƙarƙashin tsarin kafala, igamarta na hannun mai gidan da take yi wa aiki, sau da yawa har da paspo da wayar salula. Idan ta gudu daga gidan da aka ci zarafinta, mai gidan na iya kai rahoton cewa ta tsere, sai ta zama wadda ake nema. Gyaran dokar ƙwadago da Saudiyya ta yi a watan Maris na 2021 bai haɗa da ma'aikatan gida ba. Ƴar takari da ta shiga da bizar Umra ta zarce ba ta da ma takardar da za ta nuna, don haka zuwa wurin ƴan sanda tamkar miƙa kai ne a kore ta. Masu cin zarafin sun san duk wannan.

Abin da mai shirin tafiya ya kamata ta riƙe

Lokaci na da tsada bayan fyaɗe. Maganin rigakafin cutar sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana shigar ciki kuma cikin kwana 5. Gwajin likita a waɗannan kwanaki shi ne hujja mafi ƙarfi, haka ma tufafin da ba a wanke ba, hotunan rauni da saƙonnin waya.

Ma'aikatun harkokin wajen wasu ƙasashen Turai na shawartar ƴan ƙasarsu da su tuntuɓi ofishin jakadanci da lauya kafin su tsaya gaban ƴan sanda a irin waɗannan ƙasashe. Nijar na da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, kuma lambobinsu sun cancanci a haddace su tun kafin a hau jirgi a Yamai. Ajiye hoton paspo da na takardar kwangila a wurin dangi a gida na rage ƙarfin wanda ya riƙe na ainihin. Takardar da aka rubuta da Larabci kuwa, kada a sa mata hannu ko ɗan yatsa sai an samu tafinta mai amana ya karanta ta kalma bayan kalma, domin ikirari ɗaya a rubuce na iya rushe shari'a gaba ɗaya. Janye ƙara bisa alkawarin cewa za a kashe magana shi ne ya ƙara wa Dalelv laifi na uku.

Ita dai ta karɓi paspo ɗinta ta koma Norway kwanaki kaɗan bayan afuwar. Afuwar ta haɗa da mutumin da ta zarga, shi ma aka sake shi. Maganar fyaɗen da ta sa ta kira ƴan sanda a safiyar nan ta watan Maris, babu kotun da ta hukunta kowa a kanta.