Kalmar 'banter' da wasan taubasai: Ina iyakar raha da cin fuska?

Masu bibiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila, ko a gidajen kallo ko a shafukan intanet, daga birnin Sakkwato har garuruwa irin su Jabo da Tambuwal da Kebbe, sukan ci karo da wata kalmar Turanci da ake rubutawa banter, ake kuma furta ta kamar "banta".

Ana yawan amfani da ita ne idan magoya bayan wata ƙungiya suka tasa na abokiyar hamayyarsu a gaba da zolaya bayan sun sha kashi.

To shin mene ne ainihin ma'anar kalmar, daga ina ta samo asali, kuma yaya take idan aka kwatanta ta da wasan barkwancin da Hausawa suka gada kaka da kakanni?

Ma'anar kalmar

A Turancin yau, banter na nufin musayar kalaman zolaya cikin raha tsakanin mutanen da suka saba da juna, kowa na jifa ana rama masa, ba tare da nufin ɓata wa wani rai ba.

Babu kalmar Hausa guda da ta kwashe wannan ma'ana baki ɗaya. Barkwanci da raha sun fi kusa da ita. Zolaya da tsokana kan fito ne daga ɓangare guda, yayin da ba'a da izgili ke ɗauke da ƙanshin raini.

Abin da ya bambanta banter da waɗannan na ƙarshe shi ne amincewar ɓangarorin biyu. Da zarar ɗaya ya daina dariya, to zancen ya tashi daga wasa.

Asalinta

Kalmar ta fara bayyana a rubuce ne a Ingila cikin shekarun 1670, a matsayin karin maganar 'yan titi na birnin Landan. A wancan lokaci ma'anarta ta fi ta yanzu zafi, domin ta haɗa da yi wa mutum ba'a, da mayar da shi wawa, har ma da yaudararsa.

A shekarar 1690 masanin falsafa John Locke ya kawo ta a matsayin misalin sababbin kalmomin da mutane suka ƙaga.

Shekaru 20 bayan haka, wato a 1710, marubuci Jonathan Swift ya yi tir da ita a mujallar Tatler, inda ya sanya ta cikin jerin kalmomin da yake ganin suna gurɓata harshen Ingilishi. A wani rubutun kuma ya ce daga bakin 'yan daban unguwar Whitefriars ta Landan aka aro ta, sannan ta faɗa bakin barorin gidaje.

Shi ma Samuel Johnson, a ƙamusunsa na 1755, ya bayyana ta a matsayin kalma maras asali, ko da yake ya yi hasashen mai yiwuwa ta fito daga wata kalmar Faransanci mai nufin yin wasa. Har yau dai masana ƙamus ba su tsaya a kan tushe guda ba.

Duk da wannan suka kalmar ba ta mutu ba. Sannu a hankali zafinta ya ragu, ta koma nufin raha tsakanin abokai.

Lokacin da ta zama mafaka

To sai dai a 'yan shekarun nan kalmar ta sake janyo ce-ce-ku-ce a Birtaniya, saboda yadda wasu ke fakewa da ita bayan sun ci zarafin wani.

A watan Janairun 2011 tashar Sky Sports ta sallami mai sharhin ƙwallo Andy Gray, abokin aikinsa Richard Keys kuma ya yi murabus, bayan da aka ji suna kushe wata mataimakiyar alƙalin wasa saboda kasancewarta mace. Daga bisani Keys ya bayyana irin waɗannan kalamai da cewa banter ne.

A 2021 kuma ɗan wasan kurket Azeem Rafiq, haifaffen Pakistan, ya shaida wa wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya irin wariyar launin fatar da ya ce ya fuskanta a ƙungiyar Yorkshire. Rahotanni sun ce kwamitin da ya binciki ƙorafinsa ya ɗauki wani laƙabin ƙasƙanci da ake kiransa da shi a matsayin raha ta abokai. Al'amarin ya kai ga murabus ɗin shugaban ƙungiyar.

Matsalar ita ce kalmar ba ta zo da wata ƙa'ida da ta fayyace wanda ya halatta a yi wa wasa ba. Mai maganar ne kan yanke hukuncin cewa wasa yake yi.

Wasa mai ƙa'ida

A nan ne al'adar Hausa ta sha bamban. Bahaushe ba ya wasa da kowa. Akwai abokin wasa, akwai kuma wanda ake jin kunya.

A cikin gida, ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa ko ya da ƙane, su ne taubasai. Haka nan akwai wasa tsakanin jika da kaka, inda tsohuwa za ta kira jikanta miji, ta kuma yi masa gorin rashin kawo cefane. Akwai kuma na matar wa da ƙanin miji.

Amma wanda ya gwada irin wannan da surukinsa ya yi abin kunya, kamar yadda uwa kan kauce wa ambaton sunan ɗanta na fari.

Wasan yana da lokacinsa ma. A watan Muharram, wanda ake kira watan cika-ciki, taubasai kan bi juna neman kuɗin shara, jikoki kuma su nema wajen kakanni.

Daga gida wasan ya faɗaɗa zuwa garuruwa da ƙabilu. Akwai shi tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Kanawa da Zage-zagi, da Katsinawa da Nufawa, da kuma Fulani da Arawa.

Garin Jabo, wanda basarakensa ke riƙe da sarautar Sarkin Burmi, yana ƙaramar hukumar Tambuwal ne a kudancin jihar Sakkwato, yankin da ke maƙwabtaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Kasuwannin wannan yanki kan haɗa manoma da makiyaya da fatake daga ƙasashen Kabi da Zamfara da Gobir, abin da ya sa da wuya a watse kasuwa wani bai gamu da abokin wasansa ba.

Sanannen wasa a wannan ɓangare shi ne na Kabawa da Katsinawa. Tarihin baka na cewa mahaifiyar Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya kuma gina birnin Surame, 'yar gidan sarautar Katsina ce. Ke nan dangantakar ɗan mace da ɗan namiji ce ta tashi daga gida guda ta game al'ummu biyu.

Wani wasan kuma toka ce ta yaƙi. Kano da Damagaram sun gwabza a ƙarshen ƙarni na 19, amma a yau jikokinsu gori kawai suke yi wa juna, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a rabu.

Nauyin da ke bayan dariya

A 1940 masanin halayyar al'umma ɗan Birtaniya A. R. Radcliffe-Brown ya bayyana irin wannan hulɗa a matsayin raini da aka yarje wa, wanda ke hana saɓani ya rikiɗe ya zama gaba.

Amma wasan ba izinin zolaya ba ne kawai. Abokin wasa ba ya fushi, ba ya kai ƙara, ba ya kuma zubar da jinin ɗan'uwansa. Idan taubashinka ya sauka garinku baƙo, kai ne mai masaukinsa. Yana kuma iya faɗa wa babba gaskiyar da wasu ke tsoron furtawa, domin da wasa ake faɗa wa wawa magana.

Wannan ne ya sa a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da bil'adama ya gada, tana mai la'akari da rawar da yake takawa wajen sasanta rikici. A Mali ana kiran makamancinsa sanankuya.

Malaman addini kuma sukan ja hankali da aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba.

Ƙalubalen yau

Rikicin 'yan bindiga da ya kunno kai a Zamfara wajejen 2011, ya kuma bazu zuwa sassan Sakkwato da Kebbi da Katsina, ya shuka zargi tsakanin al'ummomin da suka daɗe suna auratayya da cin kasuwa ɗaya.

A irin wannan yanayi, gorin ƙabilar da a da ake yi gaba da gaba, tsakanin mutum biyu da suka san iyakarsu, yanzu a Facebook da WhatsApp ake yinsa, inda dubban baƙi ke karantawa ba tare da ganin murmushin mai maganar ba.

Tarihin kalmar banter ya nuna cewa kiran magana wasa ba ya mayar da ita wasa. Ma'aunin da al'ada ta tanada shi ne: shin wanda aka zolaya abokin wasanka ne, yana da damar ramawa, kuma idan ya shiga matsala gobe, kai ne za ka fara tsaya masa?