Tsingaro da Juji a Ajin Kimiyya

Duk wanda ya zauna da malaman kimiyya na makarantun sakandare a Garwa ko Gidar ko Marwa, da wuya hira ta yi nisa bai ji kukan ƙarancin kayan gwaji ba, domin ɗalibi yakan haddace ƙa'idoji har ya ci jarrabawar bakaloriya, alhali hannunsa bai taɓa auna wani abu ba, balle ya fitar da hukunci daga abin da ya auna. Kukan yana da hujja, sai dai ƙasar da makarantun ke zaune a kanta cike take da kufai da juji da tsingaro, waɗanda in malami ya san hanyar shigar da su aji, za su koya wa yaro tushen kimiyya, wato kafa dalili a kan abin da ido ya gani.

A ƙauyen Be, kusa da Garwa, wani mai binciken kufai ɗan Ingila, Nicholas David, ya zauna cikin Fulani, ya bi gida gida yana ƙirga tukwane yana tambayar shekarunsu, ya buga sakamakon a 1972. Abin da ya tabbatar shi ne, ƙaramar tukunyar girki, da yake kullum tana tsakanin wuta da hannu, ba ta wuce 'yan shekaru take fashewa, amma randar da ke kafe a kusurwar ɗaki takan haura shekara goma. A ƙaddara tukunya tana shekara 2, randa tana shekara 10. Gidan da bai taɓa mallakar fiye da ɗaya ɗaya ba, cikin shekara 100 zai zubar da tukwane 50 da randuna 10 a jujinsa, kuma wanda ya tona jujin daga baya, in bai yi hattara ba, sai ya yanke cewa tukwanen gidan sun ninka randunansa sau biyar. Wannan mas'ala ɗan aji uku ma zai iya warware ta: kowa ya ƙirgo abin da ke gidansu, ya tambayi mahaifiyarsa yaushe ta saya, a tattara a allo, a yi ƙiyasi. Ko da roba da alminiyam sun ci rabin kasuwar masu ginin tukwane, randa tana nan, domin firij bai shiga kowane gida ba.

Daga nan sai a fita bakin kogin Binuwai bayan ruwa ya janye, a tsaya gaban gaɓar da ambaliya ta zaftare, inda yashi da laka da baƙar ƙasa suke jere hawa hawa, a bar ɗalibai su gano da kansu cewa na ƙasa ya riga na sama kwantawa, matuƙar rami ko gara ba su dagula jerin ba. Da wannan ƙa'ida wani mai binciken kufai, Graham Connah, ya karanta tudun Daima na Borno a 1965 da 1966, da ita kuma ake karanta tuddan mutanen Sao na bakin kogunan Logon da Shari. Amma jeri yana faɗin wanda ya riga ne kawai. Adadin shekaru sai an koma ga kabon mai lamba 14, wanda kowane mai rai ke ɗauka, bayan mutuwa kuma rabinsa ke gushewa a kowace shekara 5,730. Jirgin ruwan Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, an auna masa kimanin shekara 8,000, don haka sai a ce ɗalibai su lissafa abin da ya saura a itacensa, su tarar ya ɗan ɗara sulusi. Fa'idar da ta fi girma a nan ita ce, ba a bayar da irin wannan adadi sai da iyakar kuskurensa a gefe, kamar yadda malaman Hadisi ba sa karɓar matani sai sun duba isnadi sun faɗi darajarsa.

Darasin sinadarai kuwa yana duwatsun Mandara. A 1986 wani maƙeri ɗan ƙabilar Mafa mai suna Dokwaza ya sake gina murhun narkar da tama irin na kakanninsa, wanda zuga-zuginsa ke sama, iska na gangarowa ta dogon bututun yumɓu zuwa cikin gawayi, masana suka ɗauki aikin a fim. Tamarsu baƙin yashi ce da ake tacewa daga kwarin rafi, wadda maganaɗisu ke ɗagawa nan take. Ƙarfe ne haɗe da iskar oksijin, aikin gawayi mai ci kuwa shi ne ya ƙwace iskar ya bar ƙarfen. A duwatsun ne kuma ganuwoyin Diy-Gid-Biy suke, da aka jera duwatsunsu ba laka ba siminti, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2025.

Sharaɗi guda ba a sassauta shi: kada malami ya kai yara su tona kufai, domin tono rushewa ne, hawan da aka dagula ba ya komawa, kuma aiki ne na masana masu izinin hukuma. Maimakon haka, a haƙa rami a harabar makaranta, a binne tsingaro da gawayi da ƙashi daki daki, aji ɗaya ya binne, wani ya tona ya rubuta, sannan a gwada rahotonsu da haƙiƙanin abin da aka binne. In an sami mota, a je Bidzar, kusa da Figil, inda zanen da'irori ke sassaƙe a kan marmara, wanda wani mai bincike, Buisson, ya fara bayyanawa a 1933, Alain Marliac ya yi nazarinsa daga baya. Irin wannan dutse ne ake fasawa a yankin don siminti da farar ƙasa, saboda haka awon da ɗalibai za su ɗauka da igiya da takarda, in an sa masa kwanan wata an adana, ajin baɗi zai iya komawa da shi ya duba abin da ya ragu.