Hanyar Babban Digiri a Ilmin Sarrafa Abinci

Duk wanda ya zaga ƙasar Daura da kaka, daga Mai'aduwa zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Baure, lalle ya ga albarkar da Allah ya zuba na gero da dawa da wake da gyaɗa. Amma in ya koma da bazara, sai ya tarar ƙwari sun huda wake, gyaɗa kuwa ta yi fumfuna a rumbu. Manomi ya sha rana, rabin wahalarsa ta tafi a banza. Maganin wannan asara shi ne ilmin sarrafa abinci da adana shi, don haka muka ga ya kamata mu bayyana wa samarinmu da 'yan matanmu sharuɗɗan neman babban digiri a wannan fanni.

Kada wani ya zaci wannan ilmi girki ne kawai. A shekarar 1960 talotalo kamar dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Da masana suka bincika, sai suka gano wata guba da fumfuna ke haifarwa, ana ce da ita aflatoksin, wadda ke lalata hantar mutum. To, ƙasar da ake cin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kullum ba ta rasa bukatar masu wannan sani.

Tushen abin yana sakandare. Sai yaro ya ci darussa 5 da kiredit, a cikinsu har da Turanci da lissafi da kimistiri, sa'an nan ya ci jarrabawar shiga jami'a. Ana koyar da fannin a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Maiduguri. Digirin farko yakan ɗauki shekara 5 a galibin jami'o'i, tare da watannin koyon aiki a masana'anta.

Mai son digiri na biyu sai ya kawo digirin farko mai daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce, da takardar gama bautar ƙasa. Wanda ya fita da daraja ta uku, ko mai babbar difloma daga kwalejin fasaha, ba a rufe masa ƙofa ba, sai dai ya fara yin diflomar share fage ta shekara guda. Nan ne da yawa ke yin da-na-sani, gama wasan da ɗalibi ya yi a ajin farko shi ke tare masa hanya bayan shekara biyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Karatun kansa yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Da farko akwai darussa a kan sinadaran abinci, da ƙananan halittun da ke ruɓar da shi, da injunan sarrafawa, da lissafin bincike. Bayan haka ɗalibi ya zaɓi matsala guda, malami ya duba shi, ya yi gwaje-gwaje, ya rubuta kundi, ya kuma kare shi a gaban wani masani da aka gayyato daga wata jami'a. Digirin digirgir kuwa ba ya kasa shekara 3, kuma dole binciken ya zo da sabon abu.

Shawararmu ga 'ya'yan Daura ita ce, in an zo zaɓen matsalar bincike, kada su je nesa. Yadda fura da nono za su kwana biyu ba su yi tsami ba, da yadda za a busar da gyaɗa ba ta taɓa ƙasa mai danshi ba, da yadda za a adana wake ba tare da an barbaɗa masa maganin da zai cuci mai ci ba, duk tambayoyi ne da suka isa kundi.

Iyaye da masu hali kuma su tuna cewa kuɗin gwaje-gwaje ke karya ɗalibi a tsakiyar hanya. Wanda ya ɗauki nauyin ɗalibi guda har ya gama, ya taimaki rumbunan gari duka. Allah ya ba mu ikon yi, amin.